Madam C.J. Walker: me ta zuba a cikin man gashinta?

"Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Daura ce. Shekara biyu ke nan da na gama makaranta ban samu aiki ba, sai na fara haɗa man gashi a gida da man kaɗanya da man kwakwa ina sayar wa maƙwabta. Na ga ana yawo da hoton wata baƙar fata 'yar Amurka, Madam C.J. Walker, wai ita ce mace ta farko da ta zama miloniya da guminta, kuma da man gashi, wai ma a mafarki aka ba ta haɗin. Don Allah gaskiya ne? Me ta zuba a ciki? Gani nake in na samu irin haɗinta ni ma zan fita daga wannan hali."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa albarka a nemanki. In na fahimce ki, so kike ki san ko labarin gaskiya ne, ki san abin da ta haɗa, sannan ki san ko haɗin zai yi miki abin da ya yi mata. Biyun farko ba su da wuya. A kan na ƙarshen zan daɗe, domin a nan nake ganin yara mata da yawa suna zubar da ɗan jarinsu. Shekarata ashirin da biyu a wannan harka a nan Katsina. Da kitso da lalle na fara a tsakar gidanmu, na koma gyaran amare, dilka da halawa da turaren jiki, yanzu ina haɗa man gashi da sabulu ina kuma koyarwa. Da idon 'yar sana'a na karanta tarihin matar nan, da shi kuma zan ba ki amsa.

Daga gonar auduga zuwa bahon wanki

Sunanta na asali Sarah Breedlove. An haife ta ranar 23 ga Disamba, 1867, a wata gonar auduga kusa da ƙauyen Delta a jihar Louisiana, a kudancin Amurka. Iyayenta, Owen da Minerva, bayi ne a wannan gona, yayyenta ma cikin bauta aka haife su. Ita ce ta farko a ɗakinsu da ta zo duniya cikin 'yanci, bayan an soke bauta. Sai dai 'yancin bai zo musu da tuwo ba. Tana shekara 7 ta rasa uwa da uba, ta koma hannun yayarta Louvenia a garin Vicksburg tana aikatau. Mijin yayar ba ya raga mata, kuma ita da bakinta ta ce don ta tsere wa gidansa ta yi aure tana shekara 14. A 1885 ta haifi 'yarta tilo, Lelia. A 1887 mijinta Moses McWilliams ya rasu, ya bar ta tana shekara 20 da yarinya 'yar shekara biyu.

Sai ta nufi birnin St. Louis inda yayyenta maza ke sana'ar aski. Can ta shiga wankau, ta yi sama da shekara goma a kansa, abin da take samu a yini bai wuce dala ɗaya da rabi ba. Ki tuna babu injin wanki na lantarki a lokacin. Ruwa za a ɗebo, a tafasa, a cuɗa kaya da sabulu mai soda, a matse, a shanya, a goge da ƙarfen guga da ake ɗorawa a wuta. Duk wadda ta taɓa kallon hannun matan da ke bin gidaje suna wankau a garin nan ta san abin da soda ke yi wa fata.

A cikin wannan hali gashinta ya fara zubewa, kuma ba ita kaɗai ba. Yawancin gidajen talakawa babu ruwan famfo, ga sanyi mai tsanani, don haka mace sai ta daɗe ba ta wanke kai ba. In ta tashi wankewa, da wannan sabulun mai zafi za ta wanke. Ga rashin abinci mai gina jiki. Amosani ya taru, ƙuraje su fito, a yi ta susa, gashi ya kakkarye. Ki riƙe wannan wuri da kyau, domin shi ne tushen komai: ciwon da ta zo ta yi wa magani ciwon fatar kai ne, kuma ita ma tana fama da shi.

Ba ita ta fara ba. Akwai wata baƙar fata mai suna Annie Turnbo, wadda daga baya aka sani da Annie Malone, mai kamfanin Poro, da ta riga ta fara sayar da man gashi a St. Louis. Wajen 1904 Sarah ta zama 'yar tallanta. A 1905 ta koma birnin Denver da kayan Annie a hannu. A watan Janairun 1906 ta auri Charles Joseph Walker, mai harkar tallan jarida, ta ɗauki sunansa, ta fara sayar da nata haɗin. Annie ta zarge ta da kwaikwayon kayanta, kuma ba su sake jituwa ba. Nakan ji ba daɗi idan na ga ana ba da labarin Madam Walker a manta da Annie, domin ita ma ta yi arziki mai yawa, ta gina makaranta, ta yi alheri. Wanda ya nuna maka hanya yana da haƙƙin a ambace shi.

Batun mafarki da abin da ke cikin gwangwani

Gaskiya ne ta faɗa wa 'yan jarida cewa ta yi addu'a, sai ta yi mafarkin wani baƙin mutum ya gaya mata abin da za ta haɗa, har da wani abu da ake samowa daga Afirka. Ba zan ce ta yi ƙarya ba, wanda ya kwana da damuwar abu yakan yi mafarkinsa. Amma kayan haɗin ba ɓoyayyu ba ne. Akwai farar wuta, da basilin, da man kwakwa, da kakin zuma, da ɗan wani sinadari na jan ƙarfe, sai turaren fure don ya danne warin farar wutar. Haɗa farar wuta da mai don ciwon fata tsohon ilimi ne da masu magani suka sani tun kafin a haife ta, kuma har yau za ki samu man farar wuta a kemis ana sayarwa don ƙazwa. Aikin farar wuta shi ne rage ƙwayoyin da ke kawo amosani da ƙaiƙayi. Basilin da kaki suna riƙe damshi. Iyakar abin ke nan. Sinadarin jan ƙarfen kuwa kada ki kusance shi a gida, yana ƙona fata in awo ya kuskure.

To me ya sa gashin mata ya fito? Saboda ba mai kaɗai take sayarwa ba. Tsari ne: a wanke kai akai-akai da sabulun gashi mai laushi nata, a murza fatar kai da yatsu, a shafa man, sannan a gyara gashin da wani mai mai sa sheƙi da ta kira Glossine da matajin ƙarfe mai ɗumi. Matar da a da take wata guda ba ta sa wa kanta ruwa ba, yanzu ga wanki ga tausa ga magani. Fatar kai ta warke, susa ta tsaya, gashin da ke karyewa ya samu ya tsaya ya yi tsawo. Mutane suna ta cewa ita ta ƙirƙiro matajin ƙarfe na miƙar da gashi, wannan ba haka ba ne, an riga an san shi kafin ita. Ita kanta ta sha nanata cewa aikinta raya gashi ne da lafiyar kai.

Saboda haka ko yau na rubuta miki awon haɗinta cokali-cokali, ba zai fitar da ke ba. Man kaɗanyan da kike amfani da shi, in mai kyau ne, bai gaza basilin ɗinta ba.

Inda arzikin ya fito

Arzikinta a hannun mata yake. Ta fara da bin gidaje da majami'u tana gyara kan mace a gaban jama'a don a gani da ido. Ta sa hotonta na kafin gashi ya fito da na bayan ya fito a tallan jaridun baƙaƙen fata, ta sa fuskarta a jikin gwangwani, a zamanin da kamfanonin turawa ba su ɗauki baƙar mace a matsayin mai sayayya da za a girmama ba. A 1908 ta buɗe makarantar koyon gyaran gashi a Pittsburgh, ta sa mata sunan 'yarta, Lelia College. A 1910 ta koma Indianapolis, garin da layukan jirgin ƙasa suka haɗu, ta kafa masana'anta, domin daga can kaya za su isa ko'ina ta gidan waya. A 1913 ta kai tallanta har Jamaika da Kuba da Haiti da Panama. Zuwa 1917 kamfanin ya ce ya horar da mata kusan 20,000.

Ki dubi yadda wakiliyarta take. Farar riga, baƙin siket, baƙar jaka ɗauke da kayan aiki. An koya mata yadda ake duba fatar kai, yadda ake wankewa, yadda ake magana da mai saye, yadda ake riƙe lissafi. Tana shiga gida ta yi aiki da hannunta a biya ta, ta sayar da gwangwani ta ci riba, gobe kuma a sake nemanta. Matan nan da ba su da zaɓi sai wankau ko aikatau ko gona, sai ga su da sana'ar kansu. Kowace cikinsu ta san in kamfanin ya faɗi ita ma ta faɗi, don haka take tallata shi kamar nata.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san dillaliya, wadda ke shiga lungu-lungu da ƙullin atamfa da turare da kwanuka, tana kai wa matan da ba sa fita kasuwa. Ita ce ta san wadda za ta aurar da 'ya, da wadda ta haihu, da wadda ta ɗauki adashi. Babu tallan rediyo da ya kai ta shiga ɗaki. Bambancin kawai, dillaliya tana ɗaukar kaya ne ba a koya mata komai a kansu ba, wakiliyar Madam Walker kuwa gwana ce a abin da take sayarwa. Kuma tun kafin a haifi Sarah, Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa naɗa jaji, mace mai hankali da za ta zo ta ɗauki karatu ta koma garinsu ta koyar da 'yan taru. Ilimi ne ya bi ta wannan hanya, ba haja ba, amma hikimar ɗaya ce: in kana son abu ya isa ga mata a cikin gidajensu, ka koyar da mace ka aike ta.

Ni na daɗe ban gane wannan ba. Shekaru ina haɗa maina cikin dare don kada wani ya ga abin da nake zubawa, kuma cinikina bai wuce unguwarmu da 'yan biki ba. Ranar da na kira masu kitso huɗu na zaunar da su, na koya musu yadda za su gane amosani da makero da gashin da kitso ya ci, na ba su kaya a kan sari su biya bayan sun sayar, daga nan kayana suka fara zuwa unguwannin da ban taɓa takawa ba. Ɗaya daga cikinsu yau tana haɗa nata. Na ji zafi da farko, ba zan ɓoye miki ba. Amma har gobe a wurina take sarin man kaɗanya, kuma amaren da ta kasa ɗauka ni take turo wa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai wani ɓangare da masu yaɗa hotonta ba sa faɗa, shi ne takarda da lissafi. Karatunta na aji bai taka kara ya karya ba, amma da ta samu hali ta ɗauki mai koya mata, ta kuma ɗauki lauya, Freeman Ransom, ya riƙe mata harkar doka da kuɗi. Ta yi wa kamfanin rajista, ita ce mai shi. Da aurenta da Walker ya mutu a 1912, kamfani da suna suka zauna a hannunta. Na ga mata a garin nan da sana'arsu ta mutu ranar da aure ya mutu, saboda ba a taɓa raba jari da kuɗin cefane ba.

Abin da ta yi da dukiyar

A 1912, a taron 'yan kasuwa baƙaƙen fata a Chicago, shugaban taron Booker T. Washington bai ba ta damar magana ba. Ta miƙe daga cikin jama'a ta ce ita mace ce da ta fito daga gonakin auduga na kudu, daga nan aka ƙara mata girma zuwa bahon wanki, daga nan zuwa ɗakin girki, daga nan kuma ta ƙara wa kanta girma zuwa sana'ar haɗa kayan gashi, ta gina masana'antarta a kan filinta. Da shekara ta zagayo, da gayyata ta hau mumbarin. Ta ba da dala 1,000 don gina cibiyar matasa baƙaƙen fata a Indianapolis, ta biya wa ɗalibai kuɗin makaranta. A 1917 ta tara wakilanta kusan 200 a Philadelphia, ta ba da kyauta ga wadda ta fi ciniki da kuma wadda ta fi taimaka wa jama'arta. A wannan shekara tana cikin tawagar da ta kai koke fadar shugaban ƙasa a kan kisan gillar da gungun fararen fata ke yi wa baƙaƙe ba tare da shari'a ba, kuma kafin rasuwarta ta yi alkawarin dala 5,000 ga NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, don wannan yaƙi.

Ta gina katafaren gida, Villa Lewaro, a Irvington kusa da New York, wanda wani baƙar fata masanin zanen gini, Vertner Tandy, ya zana. Ba ta daɗe a cikinsa ba. Ta rasu ranar 25 ga Mayu, 1919, tana shekara 51, da hawan jini da ciwon ƙoda. An ƙiyasta abin da ta bari da kusan dala 600,000, wasu kuma in suka haɗa da darajar kamfanin sai su ce ya haura miliyan, shi ya sa kundin Guinness ya rubuta ta a matsayin mace ta farko a Amurka da ta zama miloniya da guminta. A wasiyyarta ta ce kashi biyu cikin uku na ribar kamfanin nan gaba a ba da shi sadaka. Kamfanin ya rayu har 1981, a 1998 kuma aka sa hotonta a kan kan sarki na gidan wayar Amurka. Shekara 51 ɗin nan takan tsaya mini a rai. Likitoci sun ce ta huta, ba ta huta ba. Mu masu tsayuwa a kan amarya tun hantsi har dare ya kamata mu riƙa auna jininmu.

To ke fa, a Daura?

Fara da tambayar da ita ta fara da ita: me ke cin gashin matan da ke kusa da ke? A abin da na gani da idona, namu ba rashin wanka ba ne. Na farko kitso mai tsauri, musamman ƙananan kitso da ƙarin gashi mai nauyi da ke jan gaban goshi har ya koma baya. Sai man saki gashi da ake barin shi ya daɗe a kai har ya ƙona fata. Sai ɗaure kai da ɗankwali a sa hijabi gashi bai bushe ba, damshi ya kwana a ciki, amosani ya samu wurin zama. Ga bushewar hunturu da ke sa gashi karyewa kamar kara. Akwai kuma zubewar gashi 'yan watanni bayan haihuwa, wadda yawanci takan tsaya da kanta, da wadda ƙarancin jini ke kawowa. An taɓa kawo mini amarya saura mako uku biki, gabanta ya cinye, uwarta tana roƙo in ba ta mai mai ƙarfi. Na ce babu man da zai yi aiki in ba a tsefe kitson nan an bar kan ya huta ba. Muka yi mata sassauƙan kitso, muka rufe wurin da ɗauri ranar biki, bayan wata huɗu gashi ya fara tsirowa. Da na sayar mata da kwalba uku na yi shiru, da na ci kuɗin rana ɗaya na rasa gidan gaba ɗaya. Yau duk 'yan ɗakinsu a wurina suke gyara.

Ki sayi ƙaramin sikeli, ki rubuta awonki a littafi, domin wadda ta saya yau ta dawo bayan wata ta samu irinsa. Kada ruwa ya taɓa haɗinki, ko ɗigo ne, shi ke sa mai ya yi fumfuna ya yi wari. Zafinmu na watan Afrilu yana narkar da man kaɗanya ya tsiyaye a jaka, ɗan kakin zuma yana riƙe shi. Ki rubuta abin da ke ciki a jikin roba, da ranar da kika haɗa. Kada ki rubuta cewa yana tsirar da sanƙo cikin kwana bakwai, domin inda saiwar gashi ta mutu babu man da zai tayar da ita. Kafin ki kai kaya shaguna ki nemi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar NAFDAC. Za a zo miki da shawarar ki haɗa man bilicin saboda ya fi fita da sauri. Ina roƙonki kada ki shiga. Na ga fuskokin da sinadaran nan suka sa fatarsu ta yi siriri, jijiyoyi suka bayyana, kunci ya ƙone ya yi baƙi, kuma wasu mayukan na ɗauke da sinadarin da ke lalata ƙoda. Kuɗin da aka samu ta nan ba ya da albarka.

Ni ba likita ba ce, kuma ke ma ki san iyakarki. Makero a kan yaro yakan buƙaci maganin sha, mai kaɗai ba ya kashe shi. Kan da ke fitar da ruwa ko mugunya, ko gashin da ya zube wuri guda ya bar fili sumul kamar kwabo, ki tura asibiti. Kuma ba zan yi miki alkawarin miliyoyi ba. Ita ta samu kasuwar da manyan kamfanoni suka raina suka bari fili, ke kuwa za ki tarar da kanti cike da kayan Kano da Legas da na ƙetare, ga masu talla a WhatsApp ba iyaka. Abin da kike da shi wanda babu a kanti shi ne kina iya zama ki buɗe kan mace ki duba, ki gaya mata gaskiyar abin da ke damunta.

Don haka ki haɗa manki sau uku a kan awo ɗaya. In ya fito iri ɗaya duka ukun, ki je wurin mai kitson unguwarku da robobi goma, ki zauna ki nuna mata yadda ake wanke kai da murza shi, ki yanka mata ribarta a kan kowace roba tun kafin ta tambaya, ki rubuta a littafi. Bayan wata biyu ki sake rubuto mini abin da matan suka ce, da adadin waɗanda suka dawo saye na biyu, sai mu duba awon naki tare.